Yadda Rini Ya Riƙe Mini Aurena

'Yan uwana mata ma'abota karanta wannan mujalla tamu mai farin jini, har ma da mazan da kan ɗauka su leƙa a ɓoye in sun tarar mun ajiye ta a bakin gado, ina rubuto muku ne daga garin Tsiga da ke ƙaramar hukumar Bakori a jihar Katsina, wato ƙasar masara da auduga ta yankin Funtuwa da Malumfashi. Sana'ata rini da buga zane a jikin tufafi, ni da maigidana, a nan cikin gida.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, na sha karanta wasiƙun 'yan uwa a wannan fili suna kukan cewa maigida ya rasa aiki, gida ya yi tsami, magana kaɗan sai faɗa, har wata tana tambaya ko ta nemi takardarta. Duk sanda na karanta irin wannan sai in ji kamar da ni ake, domin na kwana a wannan ɗaki shekara da shekaru. Shi ya sa na ce bari in ba ku nawa labarin, in haɗa muku da ɗan abin da na sani game da sana'ar, ko Allah Ya sa wata ta tsinci abin amfani.

Ni jikar marini ce. Kakana na wajen uwa yana da rami uku a karofin garinsu, kuma na taso na iske shi da hannuwa shuɗaye har gwiwar hannu, ko ranar Sallah haka suke. Rinin karofi aikin maza ne, mu 'yan mata iyakarmu mu kai abinci mu tsaya daga nesa muna toshe hanci. Amma ido ba ya mantuwa. Na ga yadda ake dakan ganyen baba a cura shi a shanya, a zuba a rami mai zurfi da ruwa da toka da katsi, a rufe a bar shi kwanaki yana ruɓa, kullum ana motsa shi da doguwar muciya har kumfa ta taso. Abin da ya fi ba ni mamaki ina yarinya shi ne, in an tsamo zane daga ramin kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya juye ya koma shuɗi a gaban idonka. Na taɓa tambayar tsohon ko tsafi ne, ya yi dariya ya ce, "Ke ja can, ja'ira. Ruwa ke saka launi, iska ke fito da shi."

Wannan sana'a ba ta yau ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya je marinar Ƙofar Mata a Kano zai ga an rubuta shekarar 1498 a matsayin shekarar kafuwarta. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya ba da labarin yadda ake kai rinannun tufafin Kano har Tambutu da Tarabulus. Garin Kura ya yi suna da turkuɗi da rawanin nan mai walƙiya da ake kira ɗan Kura, wanda Buzayen Agadas ba su da abin ado kamarsa. Kuma ai kun san in an ce wane mai hannu da shuni ne, ana nufin attajiri. To daga nan maganar ta samo asali, domin a da sai mai hali ke iya sa rigar da ta sha shuni ta sha bugu, har launin ya riƙa goge masa a hannu. Da Turawa suka ƙirƙiro shunin kanti, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, sannu a hankali sai ganyen baba ya fara rasa kasuwa a duniya. Kafin kakana ya rasu ramukansa sun zama wurin zuba shara.

An yi mini aure a 1999, aka kai ni Kakuri a Kaduna inda maigida ke aiki a ɗaya daga cikin masaƙun wurin, a sashen da ake buga zanen atamfa. Wanda bai ga Kakuri a lokacin ba ba zai gane ba. In aka busa jiniya aka tashi daga aiki, titi cika yake da kekuna da babura, masu abinci da masu shayi kowa na ciniki. Tun zamanin Sardauna, a 1957, aka buɗe masaƙar farko ta KTL a Kaduna, wasu suka biyo baya, kuma yawancin audugar da suke saƙawa daga wajenmu take zuwa. Ai saboda auduga Turawan kamfanin BCGA suka kafa injin gurza a Funtuwa, kuma jirgin ƙasa ya iso garin a ƙarshen shekarun 1920. Albashi na shigowa duk wata, ni kuwa amarya, ban san wata damuwa ba sai ta abin da zan dafa.

Sai al'amura suka juya. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, ga kayan waje masu araha da suka cika Kantin Kwari, tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Tasu maigida ma ba ta tsira ba. Muka yi ta jiran haƙƙinsa har kuɗin haya ya gagara, muka sayar da firij da talabijin, muka tattara 'ya'ya uku muka dawo Tsiga gidan gado. Aka ba mu ɗaki biyu a sashen Inna, wato mahaifiyarsa.

'Yan uwa, talauci ba shi ne ya fi ci mini rai ba, canzawar mutumin ce. Mutum mai fara'a da barkwanci, wanda in ya dawo aiki sai ya ɗaga yara sama ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi ya koma kamar kurma. Da damina ya je gona tare da ƙannensa, da rani ya wuni a majalisa bakin titi, ya shigo bayan isha'i ya ci abin da ya samu ya juya fuska bango. In na ce sabulu ya ƙare, sai ya ce, "To in sato?" In na yi shiru, ya ce ina yi masa kallon raini. Audugar da iyayensa suka yi arziki da ita ta daina biya tun bayan da gwamnati ta rushe hukumar sayen auduga a 1986, ga kuma masaƙun da ke saye sun mutu, kowa ya koma masara da waken suya. Abin da ake nomawa na ci ne, kuɗin kashewa kuwa sai an sayar da tiya. Sau biyu ina ɗaure kayana da niyyar yaji, in dubi yara in kwance.

A 2009 wata ƙanwar mahaifiyata da ke aure a Zariya ta zo biki sanye da wata kampala mai kyan gaske. Na yaba, sai ta ce ai ita ta rina da hannunta, a wajen wata Bayarabiya 'yar Abekuta ta koya. Su can garin adire ne, kasuwarsu ta Itoku ba abin da ake sayarwa kamar shi. Nan take na ji jinin kakana ya motsa. Na roƙi maigida ya bar ni in je in yi mako uku in koyo. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Rinin bokiti? Abin da injinmu ke bugawa a awa guda, ke ba ki rina shi a shekara. Je ki, in dai ba kuɗina za ki taɓa ba." Maganar ta soke ni, amma na riƙe "je ki" ɗin na bar sauran.

Na sayar da akuyata da 'ya'yanta biyu, na haɗa da kwasar adashe, na sayo robobi manya guda uku, da safar hannu, da kala huɗu, da soda, da hodar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da marina ke kira haidiro, da farin yadi. Ranar da na fara, Inna ta fito ta tarar da ni tsugune bayan ɗaki, ta riƙe haɓa ta ce, "Mi za ni gani haka? Ke 'yar nan, hannun matar aure da lalle aka san shi, ba da baba ba. Mu gidan nan manoma ne kaka da kakanni." Na durƙusa na ce, "Inna ki sa mini albarka, sabulun jikokinki nake nema." Ta yi tsaki ta koma ɗaki. Ba ta sa albarkar ba, amma ba ta hana ba.

Ga wadda ba ta sani ba, rinin zamani ɗan uwan na karofi ne, sauri kawai ya fi shi. Kalar ba ta kama auduga sai an narkar da ita a ruwan zafi da soda da haidiro. Abin da ruɓewar kwanaki ke yi a rami, su suke yin sa cikin mintoci. Za ki ga ruwan ya canza kama, ya bar ainihin launinsa. Sai ki tsoma yadin da kika riga kika wanke kika cire masa sitacin kamfani, ki yi ta juyawa kada ya kwanta wuri guda, ki tsamo ki baza a inuwa. Nan iska za ta yi aikinta, launin gaskiya ya fito, kamar dai yadda tsoho ya gaya mini. Ado kuwa kala-kala ne. Akwai na ɗauri, a ƙulle yadi da zare ko a cusa tsakuwa a ɗaure. Akwai na ɗinki, a bi zane da allura a tsuke. Akwai na kyandir, a narkar da shi a tsoma hatimin katako ko na soso a buga a yadi, duk inda kyandir ya taɓa kala ba ta shiga, daga baya a cire shi da tafasasshen ruwa. In an gama a sa sitaci, shadda kuma a kai ta mabuga a daka ta da guduma a kan gungume har ta ɗauki sheƙi.

Da kallabi da zanen goyo na fara. Yara su ɗauka a faranti su shiga gida-gida. Daga nan matan unguwa suka fara kawo tsofaffin shaddodin mazansu da suka koɗe in mayar da su sababbi. Wannan shi ne cinikin da ya fi tafiya gab da Sallah, domin wanda bai da halin sabuwar Getzner ko galilar Bamako, yana da halin ya rina tsohuwa ya kai bugu ya shiga Idi ba wanda ya sani. Sabulu ya daina yankewa, kuɗin makarantar allo da na boko suka fara fita daga ƙullin zanena. Maigida yana gani, bai taɓa cewa sannu ba. In ya zo wucewa ta wajen robobin sai ya ɗauke kai kamar ya ga abin ƙyama. Ni a lokacin na ɗauka raini ne. Sai daga baya ya gaya mini warin haidiron ne ke tuna masa da masaƙa, har ya ji ƙirjinsa na zafi.

A rani na 2011 aka kawo mini aikin da ya fi ƙarfin duk abin da na taɓa yi. Wata Hajiya daga Funtuwa za ta aurar da 'yarta, ta ga aikina a jikin wata, ta aiko da farar shadda yadi biyar-biyar har guda arba'in, anko na 'yan uwa, ruwan makuba da adon ɗauri a baki. Shaddar tata ce, ita ta saya da kuɗinta. Ta ce da ni, "Kin ga, an ce in kai Kano, na ce a'a, ga tamu a gida. Kada ki ba ni kunya." Kuɗin wannan shadda ko an sayar da duk abin da ke ɗakina ba zai biya rabinsa ba.

Na aika aka sayo mini kala a wajen wani mai shago da na saba saye gare shi, ta zo a ƙulle yadda ta saba zuwa. Saura kwana huɗu kamu na haɗa ruwa da yamma na tsoma guda shida na farko. Na baza su ina jiran iska ta fito da makuba. Shiru. Launin da ya fito wani fari-fari ne mai dabbare-dabbare kamar an zubar da shayi a tabarma. Na jira har magariba, ba abin da ya canza. Ashe mutumin ya gauraya kalar da gishiri da wata mai araha don ta yi auki. Inna ta leƙo ta gani ta ce, "Dama za a rina, wai an saci zanen mahaukaciya." Wallahi ban san sanda na zauna a ƙasa dirshan ba. Ina tunanin Hajiya, ina tunanin 'yan sanda, ina tunanin yadda za a yi da ni a garin nan, matar da ta ƙi zama da lallenta.

Ina nan zaune har bayan isha'i, ko fitila ban kunna ba, sai na ji takunsa. Ya haska tocila a kan igiya, ya daɗe yana kallo. Na sunkuyar da kai ina jiran baƙar magana. Sai na ga ya naɗe hannun riga, ya tsuguna gaban roba, ya tsoma tsinke ya ɗiga ruwan a kan farar takarda, ya riƙe ta a iska yana hurawa. Ya ce, "Kin gani? Kalar ƙwarai in ta sha iska komowa take. Wannan haidiro ya cinye ta, ba ta komowa har abada. Ba hannunki ba ne, an cuce ki ne." Rabon da in ji ya yi mini magana mai tsawon wannan, na manta. Ya miƙe ya ce, "Tashi ki hura wuta. Shaddar ba ta mutu ba."

Daren nan ba mu runtsa ba. Ya sa na tafasa ruwa, ya haɗa soda da haidiro ba kala, muka tsoma shidan nan muka yi ta juyawa har dabbaren ya saki, muka ɗauraye su tas. Da asuba ya shiga rumbu ya fitar da buhu biyu na masara daga rabonsa, abin da ko ciwo ake bai cika yarda a taɓa ba, ya sayar, ya hau motar Kano. Wani tsohon abokin aikinsa na masaƙa ya raka shi inda ake sayar da ta gaskiya. Da daddare ya dawo da kala da wani ɗan ƙaramin sikeli da littafi mai layi. Na ce, "Malam, sikelin fa?" Ya ce, "Da cokali kike awo, ido ke gaya miki. In zane ɗaya ne ba laifi. Amma arba'in da za su jeru a wuri guda a ɗauke su hoto, sai sun zama uwa ɗaya uba ɗaya." Ya auna nauyin shadda, ya auna kala da soda da haidiro daidai da ita, ya sa alama a jikin bokiti inda ruwa zai tsaya, ya ajiye agogo a kan turmi. Kowane zubi awo ɗaya, minti ɗaya, ya rubuta a littafi. Shidan farko kuma ya ware su ya yi musu zubi na musamman har suka bi sahun 'yan uwansu.

Kwana biyu muna yi, shi yana awo yana tsomawa, ni ina ɗauri ina kwancewa, yara na jan ruwa a rijiya. A dare na biyu, muna jiran ruwa ya yi zafi, sai ya fara ba ni labarin ranar da aka rufe musu ƙofa, yadda suka tsaya a bakin get da kwanon abincinsu a hannu, manya-manyan magidanta suna hawaye. Ya ce, "Shekara goma sha ina haɗa kala, na dawo gida ba wanda ya taɓa tambayata mi na iya. Sai na ga kamar ni ma an rufe ni." Na ce, "Ai ni ban san ƙofar a buɗe take ba, da na ƙwanƙwasa." Ya yi dariya, irin dariyar Kakuri. Ke dai bari 'yar uwa, wani abin ba ya rubutuwa.

Ranar kamu da hantsi aka kai wa Hajiya kayanta sun sha bugu suna ƙyalli. Ta kirga ta duba ɗaya bayan ɗaya, ba ta iya ware shidan nan ba. Daga wannan biki aka kawo mana anko uku.

Tun daga ranar sana'a ta zama tamu. Shi ya kawo shawarar mu ƙara da bugu irin na allo, wanda ya ce ƙanen aikin injinsu ne. Kafinta ya haɗa mana firam na katako, aka ɗaure masa kyalle mai ƙananan ƙofofi kamar rariya, tam kamar fatar ganga. Ana shafa masa wani magani a cikin duhu a bar shi ya bushe, a ɗora zanen da aka fitar da kwamfuta a takarda mai shara-shara, a danne da gilashi a fitar rana na ɗan lokaci. Inda rana ta taɓa maganin ya daskare, inda baƙin zane ya kare sai ya wanke da ruwa ya bar hanya. Sai a ɗora allon a kan riga, a zuba fenti a ja shi da roba mai baki, zane ya fito rangaɗau. Kowane launi da allonsa. In ya bushe a bi shi da guga mai zafi don kada ya fita a wanki. Da wannan muke buga bajon makarantu a rigunan 'yan firamare, da sunan Islamiyya a hijaban 'yan sauka, da lamba a bayan rigunan 'yan ƙwallon unguwa. Yanzu muna da tela biyu da ke ɗinka mana dogayen riguna da kayan yara daga yadin da muka rina, da 'yan mata huɗu masu koyo. 'Yar farina, wadda kunya ba ta bari in kama sunanta, da kuɗin rini aka yi mata kayan ɗaki. Inna kuwa, Allah Ya jiƙanta, kafin ta rasu ba ta zuwa biki sai da zanen da na rina mata, tana cewa, "Aikin ɗiyata ne."

Kada wata ta ɗauka hanyar shimfiɗe take. Kala da soda da haidiro duk daga waje ake shigo da su, in dala ta motsa sai sun motsa. A farkon 2023 da aka canza kuɗi takardar naira ta ɓace, mun yi makonni kaya na rataye ba mai karɓa. A watan Mayu na shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin motar Kano ya ninka. Ga matsalar tsaro da ta taɓa yankinmu, wadda ta sa baƙin da kan zo da ƙafarsu su zaɓi kaya suka ragu, sai dai mu tura hoto ta WhatsApp, a turo kuɗi ta banki, mu ba direba. Ga atamfar waje mai araha da ake buga mata zanen kampala da inji, mai saye ya ce ai duk ɗaya ne, sai ta sha wanki biyu ya gane. Kuma akwai masu cewa a yi musu rigunan kamfe sai bayan zaɓe su biya. Waɗannan maigida ya ce ko da rantsuwa suka zo, kuɗi hannu.

Ga wadda ke sha'awar shiga, ga abin da zan ba ki guzuri. Kafin ki karɓi yadin mutane, zare ɗan zare daga baki ki ƙona. In ya ci wuta ya bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, auduga ce, za ta sha kala. In ya narke ya dunƙule kamar leda, roba ce, ki mayar wa mai shi, irin wannan rini ba ya kama ta. Duk sabuwar kala ki gwada ta a ƙyalle kafin ki tsoma kayan amana. Haidiro ki rufe shi ruf, iska da laima na kashe shi. Soda a cikin ruwa ake zuba ta kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata ruwa a kai, kuma kada ki haɗa ta a tukunyar dalma don cinye ta take. Ki sa safar hannu, ki rufe hanci, ki yi aiki a sarari. Babban abin da nake roƙonki don Allah, soda kama take da sukari ko gishiri, ruwanta kuma kama da ruwan sha, in yaro ya haɗiya tana ƙona maƙogwaro. Ki kulle ta a inda hannun yaro ba ya kai, kada ki taɓa zuba ta a kwano ko gorar da ake shan ruwa. Ruwan da kika gama da shi ki haƙa masa rami nesa da rijiya da inda dabbobi ke sha. Ki karɓi rabin kuɗi kafin ki fara. Ki raba jari da kuɗin cefane ko da gwangwani biyu ne, domin jarin da ya saba shiga tukunya ba ya fitowa.

Ke kuma da maigidanki ya rasa aiki ya koma zaman shiru, ban ce kowane namiji irin nawa ba ne, kuma ban ce ki zauna a inda ake dukanki ko ake wulaƙanta ki ba, wannan maganar manya ce da alƙali. Amma in dai shirun ne da zafin rai na rashi, to ki tuna akwai abin da mutumin nan ya iya wanda ba mai tambayarsa yanzu. Direba ne, ko akawu, ko makaniki, ko mai gadi, ilimin yana nan a kansa bai tafi da kamfanin ba. Ki nemi 'yar sana'arki ki riƙe da izininsa, in kin ga gurbin da iyawarsa za ta shiga, ki tambaye shi kamar ɗaliba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kuma maza masu leƙen mujallarmu, don Allah in matarku ta tashi neman na kanta kada ku kalli ƙanƙantar bokitin. Sannu kaɗai da za ku ce mata tana ƙara mata ƙarfin wuni guda.

A nan zan dakata sai wani jiƙon, in edita ya sake ba ni fili zan kawo muku yadda ake adon kyandir dalla-dalla. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mazajenmu abin yi, Ya sa albarka a 'ya'yanmu da sana'o'inmu, amin summa amin.

Taku har kullum, mai rini daga Tsiga.